Wa ya shiga cikin ƙasa ya ga narkakken ƙarfe?

Baba Mamman: Salamu alaikum jama'a. Jiya jikana ya dawo daga lakwal da darasi, wai can cikin ƙasa akwai narkakken ƙarfe. Shekara talatin ina haƙar rijiya, daga bakin Gulbi har ƙauyukan Tibiri, ban ga komai ba sai yashi, laka, dutse, ruwa. Wa ya shiga ya gani? Ni dai na ce hasashe ne.

Mushe Lawali: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya. Gaskiyarka, ba wanda ya shiga. Ramin Kola a Rasha, da ake misali da zurfinsa, kilomita 12 ne da 'yan kai, alhali zuwa tsakiyar duniya kusan kilomita 6,370 ne. Girgizar ƙasa ce ta tona asirin. In dutse ya tsage can ƙarƙashi, jijjiga iri biyu ke ratsa cikin duniya. Ta farko, P, turawa take tana saki, tana cin kilomita 6 a daƙiƙa, ta ratsa dutse ta ratsa ruwa. Ta biyu, S, kamar ka kaɗa igiyar guga ce, gefe da gefe, wajen kilomita 3 da rabi, kuma ruwa ba ya ɗaukarta sam. To duk girgizar da aka yi, na'urorin auna girgiza da ke ɗaya gefen duniya ba sa samun S ɗin da ta bi ta tsakiya. A zurfin kilomita 2,900 take yankewa.

Hajiya Rabi: Ai ko randa za ka saya a kasuwa sai ka ƙwanƙwasa, amonta ke gaya maka tana da tsaga.

Sani: Randa a hannunki take, Hajiya. In sun iya haka, me ya hana su gargaɗi mutanen Turkiyya kafin girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023?

Mushe Lawali: Sani, ba wanda ya san ranar girgiza. Abin da Japan ke yi tun 2007 shi ne, da na'ura ta ji P, sai saƙo ya riga S isa gari. 'Yan daƙiƙu ne kawai, bayan ta riga ta auku.

Baba Mamman: Na ji, Mushe. Abu mai ruwa-ruwa, wannan na karɓa. Amma jijjiga ba ta ce ƙarfe ba ne. Me ya hana ya zama ruwan da muke sha?

Mushe Lawali: Wallahi tambayar ta yi, Baba. Nan nauyi ne hujja. Duniya a dunƙule ta ninka nauyin ruwa mai girmanta sau 5 da rabi, duwatsun sama kuwa ba su kai sau 3 ba. Dole abin da ke ciki ya fi dutse nauyi nesa ba kusa ba. Ga kuma duwatsun da ke faɗowa daga sama, wasunsu ƙarfe ne.

Baba Mamman: To da wane sikeli aka auna duniya? Gobe bayan La'asar ka zo ƙofar gida da littafin yaron.