Mai zaɓen abokin karawa a fantasi: gwani ne ko mai gudun maza?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan fada. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina. Tun da aka fara kakar Firimiya akwai wani cikinmu, ba sai na kama suna ba, da in an buɗe karawar mutum biyu ta mako sai ya tsallake mu ya ɗauki yaran da suka shigo fantasi (wasan haɗa ƙungiyar 'yan ƙwallo a intanet ana tara maki) jiya-jiya. Yaron da bai ma san ba a ɗaukar fiye da 'yan wasa 3 daga kulob ɗaya ba, shi za ka ci wa jikka ka zo wurin shayi kana cika baki? Na neme shi, kullum sai wani mako. Mai zaɓen abokin karawa ba gwani ba ne. Mu nan ilimi muke gwadawa, ba caca ba.

Na Zango: Kama suna mana, kowa ya san da ni kake. Dokar rukuni ta ce kowa ya nemi wanda ya yarda. Wa na ɗaure?

Malam Ƙarami: Ɗan Birni, dakata. "Ba caca ba" ka ce? Ka sa jikka, ya sa jikka, ɗaya ya kwashe. To mene ne sunanta?

Mushe: Malam, da bambanci. An ba ka fam miliyan 100 na wasa ka sayi mutum 15, ka naɗa kyaftin makinsa ya ninka, in ka yi canjin da ya wuce na kyauta a zare maka maki 4. Sai ka duba jadawali, ka san wa ke gida wa ke waje. Mai karta yana wannan nazarin?

Malam Ƙarami: Nazarin naka ne ke hana ɗan wasa jin ciwo a minti na 10? Ko shi ke hana koci ajiye shi a benci? Wasan kansa kyauta ne, ban ce komai a kai ba. Kuɗin da kuka ɗora masa nake nufi.

Mushe: Ko a Amurka an yi wannan gardamar. A 2015 babban lauyan jihar New York ya umarci kamfanonin fantasi na kuɗi, DraftKings da FanDuel, su daina karɓar kuɗin mutanen jihar, ya ce caca ce. A 2016 jihar ta yi dokar da ta ba su izini.

Malam Ƙarami: Madalla, ka kawo mini hujja da hannunka. Kuma tun yaushe dokar New York ke halatta abu a Damagaram?

Auta: Yaya Mushe, a yi haƙuri, ni ban ga ilimin ba. Kakar 2024/25 Salah ya tara maki 344. Ka sa shi kyaftin ka je ka kwanta, shi ke nan.

Na Zango: Auta, kai kowace magana sai ka kawo Liverpool.

Auta: To Manchester United zan kawo, da ta ƙare ta 15 a waccan kakar?

Na Zango: Yaro, lokacin da Ferguson ke ɗaukar kofi goye kake. Kuma ka fara biyan dala 100 na gawayin shayi da ake binka.

Auta: Na biya! Shugaba ne shaida.

Ɗan Birni: Jama'a, ba wannan na kawo ba. Ku duba kokowar takobi: ƙuri'a ake yi, wanda ta haɗa ka da shi da shi za ka shiga fili. An taɓa jin ɗan kokowa ya ce a ba shi ƙaramin yaro?

Mai Kabu-kabu: Kai dai bar kokowa, kada mu tuno abin da Issaka Issaka na Dosso ya yi wa mutane.

Na Zango: Kai ɗan Dosso ne? Zauna cikinmu kana yabon baƙo.

Mushe: Bari in yi muku lissafi, tunda ba ku so. Mutum biyu, jikka-jikka, jikka 2 ke nan. Ana cire dala 40, wato sefa 200, na mai riƙon kuɗi, mai nasara ya karɓi sefa 1.800. Ma'ana sai ka ci karawa 56 cikin 100 kafin ka tsira da uwar kuɗinka. In kai da abokin karawarka ƙarfinku ɗaya, ku biyun asara kuke a hankali. Shi ya sa Na Zango ke neman sababbi. A manyan kamfanonin ma haka ƙwararru ke farautar baƙin shiga, har aka ware wa sababbi gasarsu daban, ana kuma sa wa tsofaffin hannu alama. In ana son adalci a yi ta mutum 10, rabin da ke sama su ci, ba mai zaɓen kowa. Wanda ba ya asara ko da wane mako dai mutum ɗaya ne cikin rukunin nan.

Malam Ƙarami: Mai riƙon kuɗi yana cin nasa, ku kuna cin juna. Har yanzu ba caca ba ce?

Shugaba: Mushe, dala 40 ɗin nan kuɗin aike ne da na intanet. Wanda ke ganin riba ce ya zo ya karɓi littafin, in ga ko zai iya bin mutane bashi ranar Litinin.

Mai Kabu-kabu: Ni dai an ɗauke kuran a unguwarmu, talhona saura kaɗan. A yanke magana.

Shugaba: To ga abin da aka tsayar, kamar yadda na fahimta. Ba a samu Na Zango da laifi ba, ba wanda ya ce an tilasta masa. Ɗan Birni ɗacin rashin nasara ne ke damunsa, Allah ya ba shi sa'a wannan makon. Maganar caca Mushe ya amsa ta da hujjar Amurka, Malam kuma muna girmama ra'ayinsa. Lissafin dala 40 ba shi cikin abin da aka kawo, don haka ba a tattauna shi ba. Tsari yana nan yadda yake. Kowa ya turo jikkarsa kafin a rufe canji, minti 90 kafin wasan farko.

Ɗan Birni: Wa ya tsayar? Ni ban ga an ɗaga hannu ba.

Auta: Shugaba, ba ka faɗi maganar gawayin ba.