Na sa sabuwar turbo amma ba a saita ƙwaƙwalwa ba, zan iya kai motar Abuja?

Abba_GTI:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masana ku taimaka. Golf 4 GTI ce, injin 1.8T, an cire turbo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska) K03 ɗin da ta zo da ita an ɗaura K04 da ta fi ta girma, nozul da famfon mai duk na kamfani ne ba a taɓa ba. Matsalar ita ce mai saita ƙwaƙwalwar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, a Abuja yake ni kuma ina Kano, ya ce sai na kai masa motar. Bakanikena ya ce in tafi kawai ba komai, wani kuma ya ce wallahi kafin Zariya injin zai buga. To wanne zan ɗauka?

Usta_Sani:
Wa alaikumus salam Abba. Za ta je, amma fa da sharaɗi. Abin da ya cece ka shi ne ba ka canza nozul ba, da ka sa manya da sai in ce ko ƙofar gareji kar ka fita, don ƙwaƙwalwar za ta riƙa buɗe su da lissafin ƙanana mai ya yi ta ambaliya yana wanke jikin silinda. Injin nan yana da sensar iska, to duk iskar da ta shiga yana auna ta ya ba da mai daidai, matuƙar ba ka matsa masa ba. Inda ake samun matsala shi ne in ka taka totur, ita ƙwaƙwalwar lissafin K03 ta sani, sai K04 ta turo iskar da ta wuce wadda aka nema, in an yi sa'a motar ta kashe ƙarfinta da kanta ta kunna maka cek injin, in ba a yi sa'a ba wuta ta riƙa tashi kafin lokacinta a cinye fistin ko konrod, wato sandar da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe, su konrod ɗin 1.8T dama ba sa son a danne su da ƙarfi a ƙaramin gudu.

Abin da za ka yi, akwai wani ɗan bawul da ake kira N75 mai tiyo uku a jikin babban tiyon iska, ka zare soket ɗin wayarsa kawai, tiyoyin ka bar su yadda suke. In ka yi haka turbo ba za ta wuce ƙarfin sifirin ɗin wesget ba (ƙofar da ke rage wa turbo ƙarfi), matsin iska wajen 0.4 zuwa 0.5 bar, ƙasa da abin da kamfani ma ya saita. Wutar cek injin na iya kamawa, wannan kar ta dame ka.

Abba_GTI:
Allah ya saka da alheri Usta. To a hanya fa, gudun nawa zan riƙe?

Usta_Sani:
Ba gudun ne abin dubawa ba, ƙafarka ce. Za ka iya tafiya 90 ko 100 a giya ta biyar totur a sake, lafiya lau. Abin da ke kashe inji shi ne kana giya biyar allura na kan 1,800 ka ga tirela ka danne totur har ƙasa don ka wuce ta. In za ka hau tudu ko wuce mota sauko giya huɗu ka bi a hankali, in babu sarari ka haƙura ka bi bayanta. Ka kashe rediyo ka saurari injin, in ka ji ƙara kamar ana kaɗa ƙusoshi a gwangwani ɗaga ƙafa nan take. Kuma ka yi sammako, zafin rana na rage wa intakula, mai sanyaya iskar turbo, amfani.

Maman_Hanif:
Ni kam ɗan'uwa tsorona ba na injin ba ne, na hanyar ne. Motar da ba za ka iya taka ta ba in ka fito wuce babbar mota wata ta ɓullo gabanka ya za ka yi? Kilomita sama da 400 ne fa. Ka tambayi mutumin ko zai yarda a ciro ƙwaƙwalwar a aika masa ta tasha ya ɗora mata saitin farko ya dawo da ita, daga baya ka kai motar ya ƙarasa a kan titi. In dole sai ka tafi a haka kar ka ɗauki iyali.

Injiniya_Bello:
Maganar Hajiya abin dubawa ce. Ƙari a kan na Usta, an canza tiyon da ke kai wa turbo baƙin mai kuwa? Injin nan ya yi suna wajen tara dauɗar mai a cikinsa, tsohon tiyo kan iya kashe sabuwar turbo cikin kwanaki. A zuba sabon baƙin mai da filta, sannan kafin tafiya ka yi kwana biyu kana zagaye cikin gari, kullum ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigon mai ko ruwa, a sake ɗaure kilif ɗin tiyoyin iska. In ka samu mai VCDS, wato na'urar duba ƙwaƙwalwar irin wannan motar, ya duba maka bulok 032 na gyaran mai da 020 na ja da wuta baya, in 020 na nuna fiye da digiri 6 a tuƙin hankali to akwai abin da bai zauna ba, kar ka kama hanya. Ka sha mai a gidan man da ka amince da shi ka cika tanki tun daga Kano, in ka tsaya a Kaduna ka bar ta a silo kamar minti biyu kafin ka kashe.

Abba_GTI:
Tiyon man tsohon aka mayar, gobe in sha Allahu zan shiga Ƙofar Ruwa in nemo sabo. Na kuma tura wa mai saitin saƙo kan maganar aika ƙwaƙwalwar, ina jiran amsarsa. Na gode ƙwarai.