"Energy efficiency" da Hausa: tsimi, tattali ko auki?

1/ Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu harkar fassara. Ina aiki a sashen kula da gine-gine da gyare-gyare na wata kwaleji a nan Arewa. An ɗora mini rubuta sanarwa da Hausa wadda za a manna a ɗakunan kwanan ɗalibai da azuzuwa, sai ga kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya yau kwana uku, wato abin da Turawa ke kira "energy efficiency". Ina da shawara, amma ina so ku auna mini ita kafin in kai wa mai buga takardu.

2/ Abin da ya kawo sanarwar kowa ya sani. Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar rukunin da ya fi samun wuta, wato Band A, daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kan kowane yunit, takardar kuɗin wuta ta zama abin da shugabannin makarantu ke kwana da shi a rai. An ɗan sassauta daga baya, amma ba ta koma gidan jiya ba.

3/ Rabin farko na kalmar, wato "energy", babu gardama. "Makamashi" ta zauna daram, ta tashi daga itacen murhu ta rungumi lantarki da gas da man dizal. Rabi na biyun ne matsalar.

4/ Abin da ya fara zuwa mini shi ne "tsimin makamashi", tunda haka muke ji a rediyo, har ana cewa murhu mai tsimin itace. Na rubuta, na nuna wa wasu ɗalibai uku da suka zo ofis kan maganar famfo. Ɗaya ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, ke nan za a riƙa ɗauke mana wuta da daddare?" Nan jikina ya yi sanyi, don yaron bai yi kuskure ba. A kunnen Bahaushe tsimi yana tafe da ƙuntatawa. Mai tsimi rage cin yau yake yi saboda gobe. Baba mai gadin ɓangarenmu da ke zagayawa bayan sallar isha'i da tocilarsa yana kashe fankokin da aka bari suna juyawa a aji babu kowa, shi tsimi yake yi mana, Allah ya saka masa. Amma wannan a Turance wata kalma ce daban, "conservation". Abin da nake nema shi ne a samu hasken nan da iskar nan yadda suke, ba a rage wa kowa komai ba, amma mita ta ci kaɗan.

5/ Ga misali a fili. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60, irin mai zare a ciki wanda ba ya taɓuwa don zafi, kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. Ƙwan LED mai wat 9 yana ba da haske kwatankwacin nasa. A ce ɓangaren kwana ɗaya yana da ƙwai 100, suna ci awa 10 a dare. Na farkon sun sha yunit 60, na biyun yunit 9. A farashin naira 225 na Afrilun 2024, naira 13,500 ke nan da naira 2,025 a dare guda. Ɗalibi ya yi karatunsa har asuba, ba a kashe masa komai ba. To wannan ta yaya za a kira shi tsimi?

6/ Na gwada "ingancin makamashi". Bai yi ba, inganci kyawun abu ne da ƙarkonsa. In ka ce wuta mai inganci, mutum zai ɗauka wadda ba ta rawa ce, wadda ba ta ƙona firji. "Tattalin makamashi" ya fi kusa, kuma ina son kalmar, sai dai ta yi faɗi. Tattali ya haɗa duka: kashewa, canza kaya, gyaran waya, karanta mita duk wata, har da dasa darbejiya a gefen yamma na gini don rana ta daina dukan bango. Sunan aikin sashenmu ne gaba ɗaya, ba sunan wannan reshe ɗaya ba.

7/ Jiya da yamma ina zaune a tsakar gida, mahaifiyata na auna shinkafa, sai ta ɗebo tafi guda ta murza a hannu ta ce wa ƙanwata ta rage gwangwani ɗaya, wannan ta gida ce, tana da auki. Na miƙe zaune. Auki! Ka zuba kaɗan ya cika tukunya, kowa ya ƙoshi. Gari mai auki, sabulu mai auki, kuma kullum muna kukan kuɗin yanzu ba su da auki. Babu yunwa a cikin kalmar nan, babu ƙuntatawa, ƙosarwa ce da abu kaɗan. Shawarata ke nan: "aukin makamashi", a bakin yau da kullum kuma "aukin wuta".

8/ Allah ya gafarta Malam, na ga gyaranka, kuma na gode. Ka ce auki sifar abin da ake ci ne, ba ta tukunya ba, don haka ba a cewa ƙwan fitila mai auki, don za a ɗauka ƙwan ne ke daɗewa bai mutu ba. Gaskiya ne, na karɓa. Shi ya sa na jingina aukin ga makamashi. Wutar ce ke auki, na'ura kuwa sa ta take yi. Sai mu ce "ƙwan da ke sa wuta auki", ko mu bar wa kasuwa nata, tunda masu kayan wuta sun riga sun ce "ba ya shan wuta", kamar yadda direba ke cewa mota ba ta shan mai.

9/ Hajiya, kin tambaya ko sola ba ta shiga nan ba. Ita tana ɓangaren samarwa ne. Jami'ar Bayero ta Kano ta samu tashar sola mai haɗe da batura da injina, mai ƙarfin megawat 7.1, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya buɗe a Satumbar 2019 ƙarƙashin shirin hukumar samar da wuta a karkara. Wannan sabuwar gona ce aka sara. Auki kuwa maganar tukunya ce: ko daga rana wutar ta fito, in tsofaffin esi da hita ne a layin, batura za su ƙare tun dare bai raba ba.

10/ Ga yadda na tsara kan sanarwar yanzu:

"Tattalin makamashi a kwalejinmu. Tsimi: in kai ne na ƙarshe a aji, kashe fitila da fanka. Auki: muna canza tsofaffin ƙwayaye da fankoki da waɗanda ba sa shan wuta, haskenku ba zai ragu ba."

Abin da nake jira shi ne 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram su faɗa mini ko auki na ɗaukar wannan ma'anar a bakinsu, don muna da ɗalibai daga can. Ranar Alhamis zan kai wa mai bugawa, in sha Allah.