Giya ce ke kashe mu a kan titi, ko ƙwaya?

Malam Isiyaku: Jama'a, ni fa ban yarda cewa giya ce kan gaba wajen jawo haɗura da zubar da jini a Arewa ba. Tun shekarar 2000 da aka dawo da shari'a a Kano aka hana sayar da ita a fili, Hisbah kuma ba ta daina farfasa kwalabe ba. Duk da haka har gobe gawa ake kwasa a hanyar Kano zuwa Zariya, 'yan daba kuma suna nan. Abin da ke cin yaranmu tramol ne da kodin da sholisho.

Hauwa'u: Malam, da girmanka, ka zo ɗakin taimakon gaggawa daren Asabar. Ni ma'aikaciyar jinya ce. An taɓa kawo mana ɗan acaɓa da ƙafa a karye, yarinyar da ya kaɗe kuwa ko numfashi ba ta yi. Ina sunkuyawa in sa masa ruwa, warin giya ya buge ni. Yayansa ya ja ni gefe yana roƙo: "Don Allah ku ce birki ne ya tsinke." Kunya ce ke sa ba a ƙirga irin wannan, ba rashinsa ba.

Baba Audu Direba: 'Yata, gaskiya kika faɗa, amma ba duka ba. Shekarata talatin a kan sitiyari. A wasu tashoshi za ka ga mai tire da 'yan ledoji, ana ce musu maganin basir ko na ciwon baya, alhali ogogoro ne zalla. Yaro ya tsotse biyu ya hau mota. Shi ya sa hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana giyar leda da ta ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200 a farkon 2024. Amma abokaina da na rufe da hannuna, yawancinsu gudu da barci ne suka kashe su. Su kansu 'yan Road Safety gudun wuce kima suke sawa a sahun farko.

Hauwa'u: Baba, to wa ke cire wa direba tsoro har ya taka 140 a kan kwana? Doka ta ce kada giya a jinin direba ta wuce kashi 0.05 cikin ɗari. A shekarunka talatin, sau nawa aka tsayar da kai ka hura na'urar gwaji?

Baba Audu Direba: Ko sau ɗaya. Takardu kawai ake tambayata.

Ɗanjuma: Malam Isiyaku, Arewa ba Kano kaɗai ba ce. Mu nan Jos goskolo, wata haɗaɗɗiyar giya mai ƙarfi, ya gama da samari da yawa. Kuma 'yan sara-suka ba sa zaɓe, haɗawa suke yi: a kora tramol da giya, a ɗauki adda. Ƙanin abokina a mashaya aka daɓa masa fasasshiyar kwalba, a kan canjin da bai kai kuɗin burodi ba.

Malam Isiyaku: Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Na ji, ban ce babu ita ba. Amma binciken UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na 2018 ya ce mutum miliyan 14.3 ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma giya ba ta cikin lissafin. Tsorona kada mu tsaya fasa kwalba, mai sayar da tramol yana zaune a bakin kasuwa.

Hauwa'u: A kama shi, Malam, ban hana ba. Ni dai roƙona a riƙa gwada direba a tasha kafin a yi lodi, ba sai an kawo min shi a bayan a-kori-kura ba.