Wai ya aka yi mutum uku ke riƙe da takardar fili ɗaya a Kentucky ta da?

Dan_Kurmi ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin tarihi ku taimaka min da wannan. Akwai wani mafarauci a tarihin Amurka, Daniel Boone, shi ne ya jagoranci sare hanyar da Turawa suka bi ta cikin duwatsu suka shiga Kentucky a 1775, har gari ya kafa da sunansa, amma wai a ƙarshe bai tsira da ko eka ɗaya ba a can, kotu ce ta bi ta tsince filayen ɗaya bayan ɗaya har a 1799 ya tattara iyalinsa ya koma Missouri wadda lokacin tana hannun Sifaniya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne ta ina? mutum yana cikin Turawan farko da suka je, daji ne iya ganinka, ƙasa ga ta nan ba ta da iyaka, to me ya kawo rigimar fili kuma? Ko dai babu hukuma ne a wajen kowa abin da ya ga dama yake yi?

Tsohon_Safiyo ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malam Dan Kurmi. Hukuma kam akwai, takarda ma akwai, ai yawan takardun ne ya kawo matsalar. Kentucky a lokacin yanki ce ta jihar Virginia, sai 1792 ta zama jiha mai cin gashin kanta. Yaƙin neman 'yancin Amurka ya bar Virginia aljihu wayam, ga sojoji suna bin ta bashin haƙƙinsu, sai ta riƙa biyansu da takardar izinin fili, a 1779 kuma ta yi doka duk mai kuɗi ya zo ya saya. To takardar nan adadin eka kawai take faɗa, ba ta ce maka ga inda filin yake ba. Kai ne za ka shiga daji ka zaɓi inda ya yi maka, ka dawo ofis ka sa a rubuta, sannan ka nemo safiyo ya auna, sannan a kai awon a ba ka takardar mallaka ta ƙarshe. Mataki huɗu, ka kuskure ɗaya ko ka yi jinkiri shi ke nan wani ya shige gabanka.

Awon kuma abin dariya ne in ka ga yadda suke rubuta shi. Daga farar bishiya kaza da ke bakin rafi, a yi arewa taku kaza zuwa wani dutse, a karkata zuwa kututture mai alamar gatari. Yanzu fisabilillahi bishiya nawa ce a bakin rafi? Bayan shekara goma an sare ta, rafin ya canja hanya, wanda ya yi awon ya mutu ko ya ƙara gaba. Kuma babu wata babbar taswira guda da za a duba a ga an riga an ba wani wajen, don haka fili yake hawa kan fili, su da kansu suna kwatanta abin da yadda ake jera rufin ɗaki wannan ya danne gefen wannan. Takardun da aka raba sun fi ƙasar da ke akwai yawa.

Boone gwani ne a daji amma ba ruwansa da bin ofis, ga shi ya yi wa mutane aikin awo da nemo fili, da rigima ta tashi shi aka riƙa makawa a kotu, wasu filayen ya sayar ya biya, wasu haraji ya cinye.

Maman_Hanifa ta rubuta:

Hmm wallahi kamar ana ba da labarin filayen bayan gari na nan wajenmu, dillali ɗaya ya sayar wa mutum uku kowa da takardarsa da shaidunsa. Amma ni kafin a tausaya wa Boone ina so a tuna dajin nan da ake cewa ba na kowa ba ne yana da masu shi fa. Ƙabilun Shawnee da Cherokee a nan suke farauta tun kaka da kakanni. Shi kansa wanda ya ɗauki Boone aikin sare hanyar, Richard Henderson, daga wajen wasu shugabannin Cherokee ya ce ya sayi yankin a 1775 da kayan fatauci, Virginia ta soke cinikin, ba don ta mayar wa masu shi ba, don ta ce ita ce mai ikon rabawa. Kenan ana rigima a kan wa ya riga wa rajista, asalin mai wurin ko shiga kotun ba a bari ya yi.

Barista_Bagobiri ya rubuta:

Hajiya maganarki dutse. Ni ɓangaren shari'ar zan ɗan taɓa, ko da za a ce ina kare 'yan sana'ata lol. Gaskiya lauyoyi sun ci kasuwarsu a Kentucky, Henry Clay da ya zama babban ɗan siyasa daga baya ya sauka Lexington a 1797 yana saurayi ba shi da komai, shari'ar filaye na cikin abin da ya tsayar da shi da ƙafarsa, wani lokacin ma da fili ko doki ake biyan lauya saboda tsabar kuɗi ba ta yawo. Alƙali da lauyoyi a kan doki suke zagayawa daga wannan gunduma zuwa waccan, ranar zaman kotu kuwa gari cika yake, masu sayar da dawakai, masu bin bashi, 'yan takara, kowa ranar yake jira. Zaɓe ma a Kentucky a wancan zamanin da baki ake yi, ka tsaya gaban jama'a ka faɗi wanda kake so da ƙarfi, mai gonar da kake haya yana tsaye yana jin ka, ɗan takara kuma ya ajiye gangar barasa a gefe.

Wanda abin ya fi cuta shi ne ƙaramin manomi. Ka sare daji da hannunka, ka gina ɗaki, ka yi shekaru kana noma, rana tsaka wani da bai taɓa taka wajen ba ya aiko lauya daga gabas da takardar da ta girmi taka. Majalisar Kentucky ta yi doka cewa in za a tashe ka sai an biya ka kuɗin gyaran da ka yi, amma Kotun Ƙoli ta Amurka ta ce dokar ta saɓa yarjejeniyar rabuwa da Virginia, a shari'ar Green da Biddle a 1823. Mahaifin Abraham Lincoln ma irin wannan ce ta kore shi, gonaki ya riƙe a Kentucky rigimar takarda na bin sa, a 1816 ya ƙetare kogin Ohio ya koma Indiana, Lincoln da kansa ya faɗa daga baya cewa batun bauta na ciki amma babban dalilin rikicin takardun fili ne.

Dan_Kurmi ya rubuta:

Allah ya ƙara sani Barista. To me ya bambanta Indiana ɗin, ba duk Amurka ba ce?

Tsohon_Safiyo ya rubuta:

Nan ne wajen da nake so a zo. Arewacin kogin Ohio a lokacin ƙasar gwamnatin tarayya ce, kuma tun 1785 aka yi doka cewa sai an auna kafin a sayar, ba wai a sayar sannan a je neman inda yake ba. Aka yanka ƙasar murabba'i murabba'i, kowane yanki mil 6 tsawo mil 6 faɗi, a ciki gida 36 kowanne eka 640, kowanne da lambarsa, mai lamba 16 an ware shi don kuɗin makaranta. In ka sayi naka lamba ce a littafin ofis, ba bishiya ba. Har yau in ka buɗe taswirar tauraron ɗan adam a wayarka ka duba Indiana ko Illinois za ka ga gonakin a jere tsaf kamar an ja da rula, ka gangaro Kentucky ka ga abin a karkace.

Barista_Bagobiri ya rubuta:

Baba Safiyo kai dai ka ga an yabi aikinku ne kawai haha. Tsarin ya rage shari'a ban musa ba, amma talaka bai sha da daɗi ba nan ma. A farko mafi ƙarancin abin da za a sayar maka eka 640 ne a kan dala ɗaya kowace eka, wane manomi ne ke da dala 640 a wajen da ake cinikin gishiri da fatar barewa? Mutanen da in suna neman canji sai su datsa dalar azurfa ta Sifaniya gida takwas da kurfi. A yammacin Pennsylvania hatsi suke mayarwa wiski don ya fi sauƙin ɗauka a kan doki kuma da shi ake biyan lebura, shi ya sa da aka ɗora masa haraji a 1791 suka tayar da ƙayar baya har shugaban ƙasa George Washington ya tara mayaƙa kusan 13,000 a 1794. Sai a 1800 aka rage zuwa eka 320 a kan dala 2 kowace eka, a biya kashi kashi cikin shekara huɗu, mutane suka afka wa bashi, tattalin arziki ya karye a 1819 da yawa suka kasa biya. 1820 aka soke sayar da fili bashi gaba ɗaya, eka 80 a kan dala 1.25 kowace eka amma kuɗi hannu. Kafin nan 'yan kasuwar fili sun kwashi mai kyau, sauran jama'a kuma zama kawai suke yi a fili ba takarda suna jiran ranar gwanjo.

Maman_Hanifa ta rubuta:

To shi Boone ɗin ya samu ya huta a Missouri ko can ma sun bi shi?

Tsohon_Safiyo ya rubuta:

Sun bi shi Hajiya. Sifaniyawa sun karɓe shi hannu biyu, suka ba shi fili suka naɗa shi mai sasanta rigimar yankin, a gindin bishiya yake zaman shari'a. Da Amurka ta sayi yankin Louisiana, wanda Missouri ke cikinsa, a 1803 sai kwamitin tantance filaye ya ce bai cika sharaɗin zama da noma a kan filin ba, aka ƙwace. Ya kai kuka majalisar dokokin Amurka, sai 1814 aka tabbatar masa da eka 850, masu bin sa bashi daga Kentucky suna jin labari suka taso, ya sayar ya biya su. A gidan ɗansa ya rasu a 1820.