Kirci a jikin yara: ciwon Turawa ne ko har da mu?

Alhaji, daga Garwa: Jama'a, ni ban ga abin tada hankali a kirci ba. A ƙasashen masu arziki ya fi yawa, can ne ake cewa yana kama kusan yaro 1 cikin 5. Mu zazzaɓin cizon sauro ke ɗauke mana yara. Wa kirci ya taɓa kashewa?

Malama Nas, daga Marwa: Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma namu wa ya ƙirga? Likitocin fata a Kamaru 'yan kaɗan ne, akasarinsu kuma suna Yawunde da Duwala. Sannan a baƙar fata ba ya yin ja yadda littattafai ke nunawa. Toka-toka yake yi ko duhu, a bayan gwiwa da lanƙwasar hannu da wuya, sai a ce ƙazwa ce ko makero. Gaskiya ba ya kisa. Amma yaro zai kwana yana susa har jini, uwa ba ta runtsa ba, da safe babu makaranta, wani lokaci wajen ya kama ruwa. Shi ya sa a lissafin nauyin cututtuka na duniya shi ne kan gaba cikin cututtukan fata.

Kawu Magini, daga Kusiri: Manya ma fa. Tafin hannuna duk tsagu ne, alwala sai da cije baki.

Malama Nas: Sannu Kawu. Akwai sinadarin kuromiyom a siminti, shi ke jawo wannan. Ka nemi safar hannu. Dayis ɗin da ake wa amare ƙunshi da shi ma yana tayar da ƙuraje.

Maman Yara, daga Njamena: Ɗana da hunturu ya shigo fatarsa ke bushewa. Man kaɗanya bayan wanka yana sauƙaƙa masa. Wata maƙwabciya ta ce in sayi man shafawa na ɗan tub a kasuwa.

Malama Nas: Don Allah Yaya, kar ki saya. Da yawansu akwai kulobetasol, wani magani mai ƙarfi, yana sirantar da fatar yaro. A fara duba shi a asibiti.

Alhaji: Na ji, Malama. Amma in kuɗin lafiya kaɗan ne, gidan sauro zan fara saya.

Malama Nas: Ba wanda ya hana, Alhaji. Sai dai a 2025 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince cututtukan fata su shiga sahun abin da za a ba muhimmanci. Koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti bambanta kirci da ƙazwa ba zai cinye kuɗin gidan sauro ba.