Binciken ƙwayoyin ɗan tayi: shin hukuncinsa ɗaya da zubar da ciki?

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum malamai da ƴan uwa. Ana yawan faɗa mana cewa likitocin ƙasashen waje suna warkar da amosanin jini ta hanyar dasa wa mara lafiya waɗansu ƙwayoyin halitta na asali, sai dai kuma wasu na cewa daga jikin ɗan tayin da aka zubar ake samo su. Idan haka ne, ya halatta Musulmi ya nema wa ɗansa irin wannan magani? Kuma shi binciken kansa, hukuncinsa ɗaya ne da na zubar da ciki?

Ɗalibar likitanci, Zariya:
Wa alaikumus salam, Baba. An haɗa muku abubuwa biyu ne da ba su da alaƙa. Dashen da ake yi wa mai amosanin jini daga ɓargon ƙashi ake ɗebo shi, galibi na ɗan uwansa na jini wanda jikinsu ya dace, ko kuma daga jinin igiyar cibiya bayan an haihu lafiya. Sabon maganin Casgevy, wanda Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, shi ma ƙwayoyin jinin mara lafiyan ake cirowa a gyara a mayar masa. Babu ɗan tayi a cikin wannan ko kaɗan.

Abin da ake jayayya a kansa daban ne. A 1998 James Thomson na Jami'ar Wisconsin ya fara raba ƙwayoyin halitta na asali daga ƙwan ɗan Adam da aka haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji, yana da kwana biyar zuwa shida, lokacin da bai wuce ɗan dunƙulen da ido ke gani da ƙyar ba. Amfaninsu shi ne suna iya rikiɗa su zama kowane irin nama na jiki, na zuciya ko na jijiya ko na ido, amma ba a iya cire su sai ƙwan ya lalace. Mafi yawan waɗannan ƙwai ragowar na ma'auratan da suka nemi haihuwa ta hanyar dashen ƙwai ne, ba su taɓa shiga mahaifa ba.

Malam Na Bagalam:
Allah ya yi miki albarka, ƴata. Ta fuskar shari'a, hadisin Ibn Mas'ud da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna ana busa rai bayan kwana 120, kuma malamai sun haɗu a kan haramcin zubar da ciki bayan wannan lokaci sai idan ran uwa yana cikin haɗari. Kafin nan ne suka saɓa, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ita ce mafi tsanani, domin Shehu Dardir ya bayyana cewa bai halatta a fitar da maniyyin da ya zauna a mahaifa ba ko da kafin kwana arba'in ne.

Game da bincike kuwa, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, ta yi zama a 2003, ta halatta ɗebo ƙwayoyin daga baligi da izininsa, daga mabiyiya da igiyar cibiya, daga cikin da ya ɓare da kansa, da kuma ragowar ƙwan dashe idan iyaye sun yarda. Ta haramta wanda aka samo daga cikin da aka zubar da gangan ba tare da uzurin shari'a ba, da ƙwan da aka haɗa musamman domin a lalata shi a gwaji. Saboda haka, Baban Nana, maganin ɓargo babu komai a cikinsa.

Alhaji Mai Atamfa, Sabon Gari:
Allah gafarta Malam, zuciyata ba ta natsu da maganar ragowar ƙwai ba. Idan mazhabarmu ta hana taɓa abin da bai kai kwana arba'in ba, me ya sa canjin wuri kaɗai zai sauke masa alfarma? Ƙwan da ke cikin kwalbar sanyi da wanda ke cikin mahaifa asalinsu ɗaya, kuma da an dasa shi da watakila yau yana gudu a tsakar gida. Ina kuma tsoron kada buƙatar masu bincike ta sa a riƙa haɗa ƙwai fiye da kima da sunan taimakon masu neman haihuwa.

Malam Na Bagalam:
Alhaji, tsoronka yana da tushe, kuma ba kai ka fara shi ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce a taƙaita ƙwan da ake haɗawa ga adadin da za a dasa, idan kuma an sami ragowa a bar shi ba tare da kulawa ba har ya mutu da kansa. Ka ga majalisun biyu ba su tsaya wuri ɗaya ba. Ni dai na fi karkata ga fatawar Makka, domin maganar Dardir ta rataya ne a kan abin da ya zauna a mahaifa, wanda idan an ƙyale shi zai ci gaba da girma, shi kuwa na ɗakin gwaji idan an ƙyale shi mutuwa zai yi.

Ɗalibar likitanci, Zariya:
Alhaji, akwai abin da ya rage nauyin wannan damuwa. Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fatar baligi ta koma tana aiki kamar ta ɗan tayi, da ƙwayoyin ɓera a 2006, da na ɗan Adam a 2007, har ya sami kyautar Nobel a 2012. Ɗakunan gwaji da yawa sun koma kan wannan hanya, ko da yake har yanzu suna gwada sakamakonsu da ƙwayoyin ɗan tayin da aka riga aka ajiye tun shekarun baya. A Ingila ma, inda doka ta yarda da bincike a kan ƙwan ɗan Adam tun 1990, an hana riƙe ƙwan a ɗakin gwaji fiye da kwana 14.